Takarda ta ce negatif, amma hannuwan Yaya a kumbure suke

Maman Biyu: Assalamu alaikum 'yan'uwa. Shawara nake nema a kan yayata da ke aure a Tibiri, shekarunta 38. Tun kafin azumi gaɓoɓin yatsunta suka fara kumburi, hannu biyun duka, har da wuyan hannu. In ta tashi da asuba yatsun a sandare suke, ba ta iya ɗaura zane ko murɗa marfin bido sai hantsi ya ɗaga. Fura take sayarwa, yanzu ko curawa ba ta iyawa, ɗiyarta ke yi mata. An kai ta wani asibitin kuɗi aka rubuta analiz. Ga abin da ya fito: VS 68, CRP 24, FR negatif, ASLO 400. Aka ce ASLO ne ya hau, aka ɗora ta kan allurar penisilin duk wata. Ana ta yi, ba sauƙi. Mijinta kuma ya ce tunda gwajin ciwon gaɓoɓi ya nuna negatif, to ba ciwon asibiti ba ne. Don Allah wanda ya san karatun wannan takarda ya taimaka mana.

Baban Yara: Wa'alaikumus salam. Allah ya ƙara sauƙi. 400 ai ya yi yawa, ƙa'ida kar ya wuce 200. Ku ci gaba da allurar har ya sauko, haka aka yi wa mai ɗakina.

Hajiya ta Bagalam: Ɗiyata, wanga sanyi ne. Mai fura kullum hannunta cikin ruwa. A samo mata citta da kanumfari da man shanu a riƙa murza mata, ta bar taɓa ruwan randa da safe. Mu da muka tashi ba mu san wasu haruffa ba, kuma muna warkewa.

Malamin Labo: Hajiya, Allah ya ƙara girma. Murzawa da ɗumi suna rage zogi, ban musa ba. Amma bari in faɗi abin da lambobin nan ke nufi, tunda aikina ke nan kullum.

VS gwaji ne mai sauƙi ƙwarai. Muna zuba jinin da aka hana shi daskarewa cikin wani siririn bututun gilashi mai tsawon milimita 200, mu tsayar da shi cak, mu duba agogo. Bayan awa ɗaya jajayen ƙwayoyin sun kwanta ƙasa, ruwan jini mai ruwan ɗorawa ya tsaya sama, kamar yadda gasara ke kwanciya a ƙasan roba. Tsawon wancan ruwan na sama shi muke rubutawa. In da kumburi a jiki, ƙwayoyin suna mannewa da juna su yi nauyi, sai su faɗi da sauri. Ga mace mai shekarun yayarki, abin da ya wuce 20 ya hau. To 68 ba wasa ba ne. Sai dai VS ba ya faɗin sunan ciwo. Ƙarancin jini na ɗaga shi, ciki na ɗaga shi, tarin fuka na ɗaga shi, tsufa ma haka. Kai, ko bututun ya ɗan karkace, ko ɗakin ya yi zafi irin na watan Afrilu a Maradi, ko jinin ya daɗe a ajiye, lambar tana iya canjawa.

CRP kuma wani furotin ne a cikin jini, hanta ce ke yin shi. Yana fara hawa cikin 'yan awoyi in kumburi ya tashi, ya kai ƙololuwa wajen kwana biyu, kuma yana saukowa da wuri in abin ya lafa. Yawancin labo suna ɗaukar ƙasa da 6 a matsayin lafiya. Zazzaɓin cizon sauro kaɗai yana iya kai shi sama da 100. Su biyun abu guda suka ce: akwai kumburi a jikin Yaya. Ba su ce ga dalili ba.

Baban Yara: To ai dalilin shi ne ASLO ɗin, Malam. Ga shi ƙiri-ƙiri ya ninka.

Dokta: Baban Yara, nan ne nake son mu tsaya, don wannan abu yana ci mini rai. Na ga mata da yawa da aka yi shekara ana soka musu allura mai zafi saboda lambar ASLO, yatsunsu kuma suna ta lanƙwashewa.

ASLO shaida ce cewa mutum ya haɗu da wata ƙwayar cuta da ke kawo ciwon maƙogwaro, a makonni ko watannin da suka wuce. Yana kai ƙarshen hawansa wajen mako 3 zuwa 5 bayan ciwon, sannan ya yi watanni kafin ya sauko. A gari mai cunkoso da ƙurar hunturu, ka tara mutum goma masu lafiya ka auna su, ba mamaki ka samu wasu da ASLO sama da 200. Ba ciwo ba ne da kansa, kuma ba a yi masa magani don ya sauko.

Ciwon da ake tsoro bayan wancan maƙogwaro yafi kama yara 'yan shekara 5 zuwa 15. Yana zuwa mako biyu ko uku bayan ciwon wuya, da zazzaɓi, ya kama manyan gaɓoɓi: yau gwiwa, jibi idon sawu, gata gwiwar hannu, yana yawo. Cikin makonni gaɓoɓin su warke sumul, amma yana iya barin lahani a ƙofofin zuciya. Wannan yaron shi ake yi wa allurar penisilin duk mako 3 ko 4 na shekaru, don kare zuciyarsa, kuma iyayen irin wannan yaro kada su kuskura su daina. Yanzu ku dubi labarin Yaya: mace ce babba, ƙananan gaɓoɓin yatsu, hagu da dama daidai, watanni ba ya gusawa, ga sandarewar safe ta sama da awa guda. Waɗannan ciwo biyu ba su yi kama ba ko kaɗan. Ban ga Yaya da idona ba, ba zan yanke daga nesa ba, amma abin da ya kamata a fara bincika shi ne ciwon gaɓoɓin da garkuwar jiki ke haddasawa, inda sojojin da ya kamata su kare mutum suka juya suna cin fatar da ke lulluɓe da gaɓa.

Maman Biyu: Dokta, na gode. Amma FR ɗin fa, gwajin ciwon gaɓoɓin da ya ce negatif? Shi ne hujjar mijinta.

Dokta: Ki gaya masa cikin ladabi cewa a cikin masu wannan ciwo na tabbas, wajen mutum 2 ko 3 cikin 10 FR ɗinsu negatif ne, kuma a farkon ciwon sun fi haka yawa. Haka nan ta ɗaya gefen: wajen mutum 5 cikin 100 masu ƙoshin lafiya FR ɗinsu pozitif ne, tsofaffi ma sun fi. Ciwon hanta na B da C, tarin fuka, da yawan zazzaɓin sauro duk suna sa shi ya fito pozitif, kuma kun san waɗannan ba baƙi ba ne a ƙasarmu. Tsohon gwaji ne, tun 1940 wani likitan Norway mai suna Erik Waaler ya bayyana shi, shi ya sa a wasu takardu za ku ga an rubuta Waaler-Rose.

Wanda ya fi shi nuna ciwon kai tsaye shi ne anti-CCP. In ya fito pozitif ga mai kumburin yatsu, da wuya a ce ba ciwon ba ne, kuma yakan nuna cewa ciwon na iya cin ƙashi in aka yi sakaci. Amma shi ma yana fitowa negatif ga wajen kashi ɗaya cikin uku na marasa lafiyan. Don haka akwai masu ciwon da duka biyun negatif ne, kuma ana yi musu magani daidai da kowa.

Ɗalibi daga Jami'ar Dan Dicko Dankoulodo: Dokta, da izininku in ƙara abin da muka karanta. A ma'aunin 2010 na ƙungiyoyin likitocin gaɓoɓi na Amurka da Turai, ana neman maki 6 cikin 10. Yawan gaɓoɓin da suka kamu yana ba da har maki 5, FR da anti-CCP har 3, hawan VS ko CRP maki 1, daɗewar ciwo mako 6 ko fiye maki 1. Ke nan wadda gaɓoɓi fiye da 10 suka kama, da VS sama, da watanni tana fama, ta kai 7 ba tare da jini ya nuna FR ba.

Dokta: Haka ne, ƙanena. Ka lura rabin makin daga hannun likita yake fitowa, daga taɓa gaɓa ɗaya bayan ɗaya da ƙirgawa. Wanda bai taɓa hannun mara lafiya ba, ya karɓi takarda kawai ya rubuta allura, ya tsallake rabin aikin.

Alhaji na Babbar Kasuwa: Ni dai shawarata guda ce. A daina wahalar da baiwar Allah da gwaji ɗaya-ɗaya. A haɗa kuɗɗi a kai ta Yamai ko Kano, a ce a auna komi da komi a rana guda. Ni haka na yi. Bayan Sallar layya babban yatsan ƙafata ya tashe ni da tsakar dare, ya yi ja, ko zanen gado ya taɓa shi sai na yi ƙara. Aka auna asid irik, gishirin da ke taruwa a gaɓa ya kawo irin wannan ciwo, nan gida aka ce daidai yake. Sai da na tahi can aka sake aunawa aka ga ya hau. Labo na nan ba su iya ba, shi ke nan.

Malamin Labo: Alhaji, Allah ya ba ku haƙuri, amma a nan ba lallai laifin labo ba ne. Sanannen abu ne cewa lokacin da ciwon yake kan ganiyarsa, asid irik a jini yakan sauka ya nuna daidai. Shi ya sa ake cewa a sake aunawa bayan mako biyu ko fiye da lafawar ciwon. Kafin ku isa can, lokacin ya yi. Ga namiji, abin da ya wuce miligiram 70 a lita ya hau. Kuma da yawa suna da shi sama ba su taɓa ciwon ba. Tabbaci na gaskiya shi ne a zuƙo ruwan gaɓar a ga 'yan tsinkayen gishirin a madubin labo.

Alhaji na Babbar Kasuwa: To na ji wannan. Amma mi ne aibin a auna komi in mutum na da hali?

Dokta: Aibinsa, Alhaji, shi ne za a samo abin da ba ciwo ba, a hana mutum barci. Ku ɗauki gwajin AAN, wanda ake nema in ana zargin lupus, wani ciwon garkuwar jiki da ke iya taɓa fata da gaɓoɓi da ƙoda. Ana tsarma ruwan jini ana ninkawa, a rubuta 1/40, 1/80, 1/160, har sama. A 1/40 kusan mutum 3 cikin 10 masu lafiya lau suna fitowa pozitif. A 1/160 ma wajen 5 cikin 100. In ka auna wa mai ciwon baya na ɗaukar buhu, ya fito pozitif, ka jefa gida guda cikin tashin hankali ba dalili. Amfaninsa na ga wanda alamunsa suka nuna hanyar, kuma a nan yana da ƙarfi: fiye da 95 cikin 100 na masu lupus suna da shi, don haka in ya fito negatif, zargin ya yi rauni sosai. Ku kuma, Alhaji, a rage kayan ciki da lemon kwalba, kuma in kuna shan maganin hawan jini mai sa fitsari ku nuna wa likitanku, wasunsu suna ɗaga asid irik.

Mai Haƙuri: Tunda an ambaci lupus bari in yi magana, ni ce mai ciwon. Nawa ya fara da zazzaɓi da gajiya. Kullum a ce sauro ne, a yi gwajin yatsa ya nuna babu, amma a ba ni maganin duk da haka. Gashina ya riƙa zubewa, in na tsefe kitso sai in ga matajin ya cika. Ga gyambo a dasashi da saman baki, ga wasu baƙaƙen tabo a kumatu da cikin kunne, waɗanda mutane suka ce man shafawa ne ya ƙone ni. Wasu suka ce jifa ne. Abin da ya buɗe ido shi ne ƙafafuna da suka kumbura, fitsari kuma yana kumfa ba ya kwanciya. Wata likita ta tsoma ɗan tsinken gwaji a fitsarin, ta ga furotin, nan take ta ce sai Yamai. Can aka yi AAN ya fito sama ƙwarai, aka yi anti-DNA, gwajin da ya fi nuna lupus kai tsaye, ya tabbatar, aka auna C3 da C4, wasu furotin na garkuwar jiki, aka ga sun faɗi.

Abin da nake son mata su ji: gwajin da ya ceci ƙodata shi ne mafi arha a cikinsu duka. Yanzu ba a sake mini AAN, likitata ta ce ba ya nuna ciwon ya ƙaru ko ya ragu. Fitsari ake bi, da kireyatinin mai nuna aikin ƙoda, da ƙidayar ƙwayoyin jini, da anti-DNA da C3 da C4. Ina shan maganin Plaquenil kullum, ana duba mini ido saboda shi, ina guje wa ranar tsaka. Ina aikina, ina renon 'ya'yana. Cikin masu wannan ciwo 10, wajen 9 mata ne, yawanci a shekarun haihuwa.

Hajiya ta Bagalam: Allah sarki ɗiyata. Allah ya sa kaffara ne. Ni ban san abin yana kai wa ga ƙoda ba.

Majo daga wajen Dakoro: Duk na karanta, kuma ban ƙi ko ɗaya ba. Amma Dokta, ku tuna da mu. A CSI ɗina, ƙaramin asibitin ƙauye, abin da nake da shi gwajin sauro ne da tsinken fitsari. Anti-CCP da AAN ba kowane labo ke yi ba ko a cikin gari, sau da yawa sai an aika jinin, ga tsada, ga jira. Matar da ta sayar da akuya ta zo, in ce mata ta tafi neman haruffa?

Abin da nake yi shi ne tambaya da hannu. Ciwon yana tashe ki da dare? Da safe minti nawa kafin gaɓa ta saki? In gwiwar tsohuwa ce da ke ciwo in ta yi tafiya, ta lafa in ta zauna, sandarewar ba ta kai rabin awa ba, zaizayar gaɓa ce ta shekaru, jininta ba zai nuna komi ba, ba na sa ta ɓarnar kuɗi. In kuma na matse tushen yatsu huɗu a tafina mace ta janye hannu da sauri, ga kumburi mai laushi, wannan takardar turawa Maradi nake rubutawa ran nan.

Abu biyu kuma da ake mantawa a birni. Makiyayi mai shan ɗanyen nono, da zazzaɓi mai tafiya yana dawowa, da gumin dare, da ciwon ƙugu ko gwiwa, a nema masa gwajin Wright, don akwai cutar da ake ɗauka daga dabbobi mai yin haka, kuma tana warkewa da magani. Yaro mai ciwon ƙashi da kumburin hannu da ƙafa tun yana jariri, a fara da gwajin amosanin jini.

Malamin Labo: Majo ya taɓo wuri. Mai sikila SS sau da yawa VS ɗinsa ƙasa yake ko yana cikin ciwo, don ƙwayoyinsa masu siffar lauje ba sa jeruwa su faɗi. Kada a ga lamba ƙarama a ce lafiya lau. Gare shi CRP ya fi amfani.

Dokta: Majo, ban da abin ƙarawa, yadda kake yi shi ne daidai. Rashin anti-CCP ba ya hana a fara magani in hannu da labari sun nuna. Abin da ba na yarda a tsallake shi ne gwajin da ake yi kafin magani. Maganin farko na ciwon gaɓoɓin da garkuwar jiki ke haddasawa metotireksat ne, kuma kafin a ba da shi dole a duba ƙidayar jini, da hanta, da ƙoda, da ciwon hanta na B, a kuma tabbatar mace ba ta da ciki, don yana lahanta ɗan tayi. Sau ɗaya a mako ake shan sa, rana guda tsayayya. Wanda ya sha shi kullum yana iya rasa ransa. Watannin farko su ne masu daraja, don ƙashin da ya riga ya cinye ba ya dawowa.

Maman Biyu: Na kira Yaya na karanta mata. Ta ce akwai wasu ƙananan ƙwayoyi da take saye wajen mai tebur, in ta sha sai hannun ya saki, har fuskarta ta yi ƙiba. Na sa ɗiyarta ta duba kwalin, deksametazon ne. Mijin ya yarda a kawo ta Maradi ranar Litinin. Ta daina sha kafin ta zo?

Dokta: Kada ta daina kai tsaye in ta daɗe tana sha, jiki yana iya faɗuwa. Ta zo da kwalin a hannu, ta faɗi tun yaushe da guda nawa a rana, likita zai rage mata a hankali. Wannan magani yana danne VS da CRP, yana ɓoye kumburi, to 68 ɗin nan ma tare da shi aka samu. Yana kawo ciwon suga da hawan jini da laushin ƙashi, a auna mata su. Ta zo da tsofaffin takardun duka, a kuma ɗauki hoton ƙashin hannu da ƙafa. FR da anti-CCP da CRP ba sa bukatar a zo da yunwa, amma tunda za a duba suga, ta zo ba ta karya ba.

Amaryar Mokoyo: Dokta, ku yi haƙuri in shigo da tawa. Ƙanwata ta yi ɓari sau uku a jere, na ƙarshe cikin ya kai wata biyar. Dangin miji sun fara magana. An taɓa ce mana akwai gwajin jini na irin wannan garkuwar da ke da alaƙa da ɓari. Gaskiya ne?

Dokta: Gaskiya ne, 'yar'uwa. Akwai wasu ƙwayoyin garkuwa da ake kira antifosfolipid, suna sa jini ya riƙa daskarewa a ƙananan jijiyoyin mahaifa. Ana samun su ga wasu masu lupus, ana samun su kuma ga wadda ba ta da shi. Ba su kaɗai ke kawo ɓari ba, akwai dalilai da yawa, amma ɓari uku a jere, ko rasa ciki bayan mako 10, ya isa a nema. Iri uku ake aunawa, kuma pozitif sau ɗaya bai isa ba, sai an sake bayan mako 12 a ga yana nan, don zazzaɓi ma yana iya ɗaga su na ɗan lokaci. In ya tabbata, ana ba da asfirin ƙarami da allurar heparin mai hana jini daskarewa lokacin ciki, kuma mata da yawa suna haihuwa lafiya da haka. Ta je wajen likitan mata tun kafin ta sake ɗaukar ciki, ta tafi da katin awonta na cikin ukun, kuma ta faɗa masa in ta taɓa kumburin ƙafa guda mai zafi, ko zubewar gashi, ko ciwon gaɓoɓi.

Mai Haƙuri: Amarya, ki ce mata ta nemi a duba mata anti-SSA ma, wata ƙwayar garkuwa, in AAN ɗinta ya fito pozitif. Ni an yi mini kafin cikina na ƙarshe, saboda yana iya taɓa bugun zuciyar jariri, sai a riƙa sauraron zuciyar akai-akai daga wata na huɗu. In tana son wadda za ta raka ta ranar awon, ki yi mini magana ta gefe.